Ɗan Shamuwa a Kwando

A tashar Isa, Firdausi tana jiran motar Sabon Birni ta cika, da kwando bisa cinyarta. Wani dattijo ya leƙa ciki.

"Ɗiyata, ɗan shamuwa ne wanga? Ba a taɓa shi. In ya ji hannun mutum, uwar ba ta sake kula shi."

"Na sani, Baba. Har makaranta an koya muna."

"To mi ya kai ki?"

"Takardun karatuna na koma ɗauka ƙauyenmu. Tun da 'yan bindiga suka tashe mu, babu kowa. Na iske shi ƙasan tsamiya, karnuka na zagaya shi. Na jira uwar har la'asar, ba ta zo ba."

"Shamuwa ba ta zama kufai."

"Ashe mu muka fara barinta. Ni dai ba ni barin wanga."

Dattijon ya sake leƙa kwandon.

"Sheƙa huɗu ke bisa tsamiyar gidana. Damina biyu ke nan ban gan su ba, tun da mu ma anka tashe mu." Ya share ido da bakin rawani. "Kada ki ba shi gero, fara yake ci. Matso da shi inuwa."