Lilon da Ke Juyawa Ba Kowa

A tashar mota, daura da wurin wasan yara da ake rushewa, wata mata ta dubi dattijon da ke gefenta.

"Baba, dubi ɓarna. Wai shaguna za su gina."

"Ciniki ne ya mutu, 'yata. Da ni ke kunna babban lilon can."

"Wace irin mutuwa? Kullum na wuce sai na hango shi yana juyawa."

"Ba kowa a ciki. Maigida ke sa ni in kunna, don masu wucewa su zaci an cika."

"Ai kuwa mun zata! Duk ranar da yarana suka roƙa sai in ce, yau akwai cunkoso, ku bari a ragu."

"To, ga shi an ragu."