Gidan Burodin Zelig

Rabbi, Fada, magajin gari, Gitla 'yar Zelig da kika taso tun daga Kanada, jama'a baki ɗaya, ina gaishe ku.

Ni Teofil aka zaɓa in yi magana a wannan taron tunawa da Zelig, don shekara goma sha tara gidan burodina yana fuskantar na Zelig a layin kasuwa. Da kun san zuciyata, da wani kuka zaɓa.

Ya kasance mai albarkar hannu. Fulawa ɗaya muke saye, amma ƙofarsa ake yi wa layi. Ya kasance mai sakin fuska. Matanmu kan tsaya hira a shagonsa har su makara coci. Ranar Asabar, da yake Bayahude ne ba ya kunna wuta, kasuwa tawa ce, kuma ranar kaɗai nake gaishe shi da zuciya ɗaya.

Ya kasance mai kyauta. Da tanderuna ya tsage, mako uku ina gashi a nasa, sharaɗinsa kawai kada in shigo da kitsen alade. Na gode masa a baki, na fita ina jin haushin tanderunsa ya fi nawa.

A 1937 samarinmu suka tsaya da sanduna a ƙofar shagunan Yahudawa, suna korar masu saye. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi. Sai matata Bronka, Allah ya jiƙanta, ta ɗauki kwando ta ratsa su, ta sayo burodinsa mai albasa ta dire a gabana.

Na ce, "Gidan mai burodi kike kawo burodin wani?"

Ta ce, "Ci, Teofil. Naka yau don tsoro ake sayensa."

Washegari Zelig ya tsallako ya roƙe ni in hana ta, kada su ji mata ciwo. Shirun da na yi a kan aikin samarin kuwa, ko ambatonsa bai yi ba.

Bayan shekara biyar, Gitla, Jamusawa suka kwashe shi, da mahaifiyarki, da ƙannenki biyu, mu muna leƙe ta taga. Ba wanda ya dawo a cikinsu. Na zama ni kaɗai mai burodi a garin nan, abin da na daɗe ina roƙon Allah.

Gitla, har gobe ina kishin mahaifinki. Shi bai yi wa kowa laifin da zai nemi gafara ba. Ni ga ni tsaye a gabanki da furfura, ina neman taki.

Na gode da kuka saurare ni. Allah ya ba Zelig da iyalinsa hutawa. Mu da muka yi shiru, Allah ya ji tausayinmu. Amin.