Tsakar Gidana a Wayar Baƙo

A tashar motar Garuwa, Hajiya Nasiha ta hango hoton tsakar gidanta a wayar mutumin da ke kusa da ita.

"Malam, ina ka samo wannan?"

"Wani kamfanin Duwala ne yake tallarsa. Kin san gidan?"

"Nawa ne. Na guje wa dillalan unguwarmu Jambutu na ba wa kamfanin nan don kada maƙwabta su ji zan sayar. Gidan da ko yayan mijina bai taɓa wuce zaurensa ba!"

"Ayya, Hajiya. Ai wani dillalin Jambutu ne ya turo mini. Ya ce in dakata, mai shi ta matsu, kuɗin zai sauka."

Ta daɗe tana kallon zannuwanta da ke shanye a hoton.

"To, kai nawa za ka bayar?"