Kawuna Ba Ya Ƙin Amsa Gaisuwa

Mai girma shugaban taro, 'yan majalisa masu tsara doka, iyayenmu mata da ke sahun gaba, iyayenmu maza, da matasan da ke can baya suna leƙa waya a ƙarƙashin kujera, assalamu alaikum.

Ina godiya da aka ba ni wannan dama. Bana na gama jami'a, kuma ban taɓa tsayawa gaban jama'a haka ba.

An ce in kawo alƙaluma a kan cacar waya. Na nema, waɗanda na samu ban iya tabbatar da su ba, sai na bar su. Na kawo muku kawuna tela, ga shi can a bakin ƙofa, kuma da izininsa nake magana.

Kawu mutum ne da ba ya barin gaisuwa ta faɗi ƙasa. Ko da allura a bakinsa, sai ya amsa. Ya fara cacar ƙwallo a shago, tsakanin ɗinki da ɗinki, har ta cinye masa keken ɗinki guda. Biyu gare shi, saura ɗaya, kuma da shi gidan yake ci. Ranar da aka ɗauke na farkon ya rantse ya daina, ya sa na goge masa manhajar da hannuna.

Ba a jima ba sai ga saƙo. Kamfanin cacar ne ke gaishe shi da sunansa, wai an yi kewarsa, ga kyauta ya dawo. Na same shi yana rubuta amsa, har yana tambayarsu iyali. Na ce masa na'ura ce, ba mutum ba. Ya kalle ni ta saman tabarau ya ce, "Ke 'yar nan, a gaishe ka da sunanka ka yi shiru? Abin da aka koya muku a jami'ar ke nan?" Daga amsa gaisuwa, kafin ya rufe shago ya koma ruwa.

Don haka ga roƙona. Na farko, wanda ya ce ya daina, a rufe masa asusu nan take, domin shiga dannawa ɗaya ce, fita kuwa ni da Kawu yini muka yi muna neman ƙofa. Na biyu, idan ya rufe, doka ta hana a bi shi da saƙo, ko na gaisuwa, ko na kyauta, kuma a ci tarar kamfanin da ya saɓa. Na uku, a sa iyaka ga abin da mutum zai iya zubawa. Ban ce doka za ta dawo da keken da ya tafi ba, ba ni da hujjar haka. Wanda ya rage nake roƙa wa.

Kawu ya ba ni wayarsa in riƙe har a tashi. Tun da na hau nan, wayar take ta ƙara a jakata. Ban duba ba, don haka ba zan ce su ne ba. Amma Kawu ya ji, ga shi can yana miƙo hannu. Kawu, ka yi haƙuri, wannan gaisuwar majalisa ce za ta amsa maka ita.

Allah ya tsare mana sana'o'inmu, ya ba shugabanninmu ikon yin daidai, ya mai da kowa gidansa lafiya. Na gode.