Alkakin Nas

A tashar bas ta Balsall Heath, wani dattijo ya ƙura wa bokitin wata mai kayan nas ido.

"'Yata, ƙamshin alkaki nake ji?"

"Shi ne, Baba. Ni nake yi, ina sayarwa in na tashi daga aiki."

"Wane sashe kike a asibitin?"

"Na masu ciwon suga."

Ya kwashe da dariya. "Wato da safe ki hana mu, da yamma ki sayar mana!"

"Mu? Kana da shi ke nan?"

"Ɗan kaɗan ne. Ba ni biyu."

Ta danne murfin bokitin. "Ba zan sayar maka ba."

"To, wannan sana'a taki ba za ta yi nisa ba."

"Kai dai ka yi nisan kwana, Baba."