Wa Zai Sa Rigar Abokan Gaba?

Mai girma Magajin Garin Jarowiec, Pan Henryk Zawada. Fada Ignacy, wanda ya gajarta wa'azinsa yau don mu iso kan lokaci, alherin da bai taɓa yi wa kowa ba. Shugaban 'yan kwana-kwana da ya ba mu aron wannan zaure. 'Yan'uwana na ƙungiyar masu cika fili a fim, maza da mata, masu gemu da waɗanda matansu suka tilasta wa aski, ina yi muku barka da zuwa.

Ni Bogumiła Sroka, da kuka ɗora wa riƙon ƙungiyar nan tun rasuwar mijina Ludwik, ina gode muku da kuka amsa kira, ina kuma gode wa matan da suka kawo miyar kabeji. Ku ci kafin in gama, don ban tabbata za ta shiga ba bayan kun ji abin da ke tafe da ni.

Na farko, mu tuna ko mu su wane ne. Masu shirya fim suna zuwa garinmu ne saboda tsohuwar ganuwa, da mashigin kogin da babu turken lantarki ko ɗaya a bayansa, da kuma fuskokinmu. A fim ɗin barkwanci mu ne 'yan biki da suka bi agwagwa da gudu har cikin coci. A fim ɗin ban tausayi mu ne muka yi layi cikin ƙanƙara a ƙofar kantin da babu komai a cikinsa, kuma babu wanda ya koya mana wannan tsayuwa, mun iya ta tun muna yara. A fim ɗin almara mun tsere wa dodo mai aman wuta, alhali ƙwallo ce aka ɗaura a kan sanda. Duk wannan mun yi shi babu gardama. Da zarar an ce fim ɗin tarihi, sai hankalinmu ya bar jikinmu.

Na biyu, abin da ya faru bara a bakin kogi. Labarin ya ce sojojin Suwidin ne za su ci yaƙin, namu su faɗi. Da aka buɗe akwatin riguna, kowa ya wawuri ta mayaƙan Poland, aka bar ta abokan gaba kamar mai cuta, sai da aka ɗauko ɗalibai daga wani gari suka saka. Aka fara ɗauka, namu suka ƙi faɗuwa. Pan Czesław mai gidan burodi, ga ka can ka sunkuyar da kai, an soke ka da takobin roba har yaron da ke sukar ya gaji. Darakta, yarinya mai haƙuri, ta ɗaga murya ta ce, "Pan Czesław, ai ka mutu tuni!" Ka juyo ka ce mata, "Yarinya, kakana bai faɗi gaban baƙo ba, ni kuma ba zan fara a gaban surukata ba." Aka kora ɗaliban nan cikin ruwa, garin nan ya ci yaƙin da aka rubuta masa ya sha kashi, rana ta faɗi ba a ɗauki komai ba. Kuna dariya, ni ma na yi a ranar. Yanzu ba na yi.

Na uku, kuma shi ne ya hana ni sukuni. Daraktar ta kira ni. Kamfaninsu zai yi sabon fim ɗin yaƙi, kuma manyanta sun ce a bar mutanen Jarowiec, a zana taron da kwamfuta. Mutanen kwamfuta, in ji su, ba sa cin abinci, ba sa musu, ba su da surukai, in an ce su faɗi sai su faɗi. Ita ce ta roƙar mana gwaji guda. Ranar Asabar za ta zo da manyan nata bakin kogi. Tana son rabinmu cikin rigar Suwidin, rabinmu kuma a ƙasa cikin taɓo. In muka sake yin irin ta bara, shi ke nan, kuma kun san yadda labari ke yawo tsakanin masu fim. Babu wanda zai ƙara tako garin nan da kyamara.

Ina tsoro, jama'a, ina tsoro ƙwarai. Ba na ladan kwana ɗaya nake tsoro ba. Kun san Ludwik. Shi ne ke ɗaukar rigar da kowa ya ƙi, shi ne ke faɗuwar da kowa ya ƙi, har kuka laƙaba masa Ɗan Suwidin, kuna tsokanarsa a kanti da bakin coci. Wata rana na gaji na ce masa ya bar abin nan, yana ja mana surutu. Ya kira ni da sunan da yake kira na a gida, ya ce, "Bogusia, in babu wanda ya yarda ya zama azzalumin, ta yaya jikokinmu za su ga an zalunce mu?"

Jikarmu Jagoda ba ta riske shi ba. Amma ta san tafiyarsa, ta san yadda yake dafe ƙirji, ta san kunnuwansa, waɗanda ta gada, Allah sarki. Takan tsayar da wani tsohon fim daidai inda ya ɓullo bayan wani doki, ta sa yatsa a kansa ta ce ga kakanta. Ƙiftawar ido ce kawai yake fitowa, amma a wurinta shi ne jarumin fim ɗin. Ku gaya mini, mutumin da kwamfuta ta zana, wace yarinya ce za ta sa masa yatsa? Kowane gida a zauren nan yana da wani a cikin waɗannan finafinai, wasu suna raye, da yawa suna kwance a maƙabartar bayan coci. In aka daina ɗaukar mu, daga kanmu layin ya yanke.

Ga rigar Ludwik nan a kan kujera. Na gwada ta da safe, ta yi mini yawa, hannuwan sun rufe yatsuna. Amma in babu namijin da zai ɗauka, ni zan naɗe hannun in manna gemu in fita ranar Asabar, kuma Pan Czesław, kai zan nufa, sai mu ga ko za ka tura gwauruwar abokinka cikin kogi. Sai dai mace ɗaya ba ta zama runduna. Sauran rigunan suna cikin akwati a bakin ƙofa, kuma na roƙi 'yan kwana-kwana su kulle ƙofar baya.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, na cikin hoto da waɗanda kyamara ba ta taɓa kamawa ba. Allah ya tsare garinmu da ƙasarmu daga yaƙi na gaske. Allah ya ba mu rana mai haske ranar Asabar, ya kuma ba mazajen garin nan ƙarfin halin kwanciya cikin taɓo su yi shiru har a ce an gama.

Na gode.