Burtalin Malam Isiyaku

Assalamu alaikum. Ina gaida Malam Liman, da Alhaji shugaban ƙungiyarmu, da dattawan Maraɗi da Damagaram, da ke Hajiya Muhibba matar marigayi da matan da ke tare da ke can ciki. Allah ya ba mu haƙuri.

Ni ne Dawuda mai gyaran ƙofa. An ce in yi magana da yawun 'yan tattakin Juma'a.

Malam Isiyaku ya kasance direba, shekara goma sha tara a nan Riyad a gidan kafili ɗaya, Balaraben da ya ɗauki nauyin zamansa. Duk lokacin zafi maigidan kan kwashi iyali zuwa Ingila, ya tafi da shi. Ranar hutunsa sai ya hau jirgin ƙasa ya sauka a wani ƙauye, ya kama tafiyar ƙafa. Ya zaga ganuwar York, ya dawo yana cewa ta Kano ta fi ta kauri, su dai sun fi mu riƙo.

Ya kasance mai kunya. Fitarsa ta farko, a bayan Oxford, hanya ta kai shi ƙofar wata gona. Ya tsaya yana sallama. Rabin sa'a bawan Allah yana rangaɗa sallama, shanu suna kallonsa. Sai ga wata tsohuwa da sanda, ta buɗe, ta yafito shi. Ita ta faɗa masa hanyar ta kowa ce tun kaka da kakanni, mai gona ba shi da ikon toshe ta, sharaɗi kawai ka rufe ƙofa a bayanka. Ya ce mata: "Ashe burtali ne. Mu ma muna da shi, har sai da muka bar bi aka nome."

Da wannan maganar ya dawo unguwarmu Manfuha. Ya same mu shida-shida a ɗaki, daga aiki sai katifa, wasunmu shekara goma ba su san Riyad ba sai ta tagar motar kamfani. Ya kasance mai naci, wallahi har da ban haushi. Bayan asubar Juma'a sai ya buga ƙofa ya ce kowa ya sa iƙamarsa, takardar izinin zama, a aljihu, yalla mu tafi. Na zage shi a zuciya ba sau ɗaya ba. Shi ya kai mu kwarin Wadi Hanifa, ya kai mu Dir'iyya muka ga tsoffin gidajen ƙasa irin na kakanninmu, har Abdou na Damagaram ya zauna yana hawaye. Mu huɗu muka fara, bara mun kai arba'in.

Mako uku da suka wuce ya faɗi a bakin wadin, a hannuna ya cika. Tun ranar nake jin maganganu. Wai yawon Nasara ya koyo, wai yawon ne ya kashe shi. Haba jama'a. Ajali ya taɓa tambayar mutum ko yana kan katifa? Shekara takwas ke nan da likita ya ce masa ko ya motsa jiki ko zuciya ta kwantar da shi. Hajiya Muhibba, ke shaida ce. Kada ki bari kowa ya ɗora miki cewa da kin hana shi fita. Ki ɗaga kanki, mijinki ba ɗan yawon banza ba ne.

Ranka ya daɗe shugaba, na san an shirya yau bayan addu'a a sanar da dakatar da tattakin, wai baƙo ba ya yawan nuna kansa. Ina girmama ka, amma raina ya ɓaci, kuma ba mu yarda ba. Takardunmu cikakku ne, ba mu taka dokar kowa ba. Mun zuba kwaltar garin nan da hannunmu, a ce ba za mu taka ta da ƙafarmu ba?

Jiya Hajiya ta aiko mini da sandarsa, ga ta nan. Saƙonta ɗaya ne: kada a bari a nome.

Saboda haka Juma'a bayan asuba, ƙofar shagon Abdou. Har da kai, Alhaji, za mu rage sauri.

Mun gode da zuwanku. Allah ya jiƙan Malam Isiyaku, ya yalwata masa kabarinsa, ya tsallakar da shi siraɗi da ƙafafun nan nasa da ba su san gajiya ba. Amin.